Yadda ake koyar da darasin tsirrai ba tare da yara sun yi gyangyaɗi ba

Ɗaliban kwalejin ilimi da ake turowa aikin koyarwa na gwaji, in dai darasi ya zo kan tsirrai kusan duk hanya ɗaya suke bi. Malam ya juya baya ya zana wani fure a allo, ya ja kibiyoyi ya rubuta sunayen Turanci, ya ce a kwafa, kafin ya juyo rabin aji sun kifa kai. Washegari ya kawo maganar maciji ko kada sai ka ga hannu a sama ko'ina, kowa da labarinsa. Daga nan sai ya yanke hukunci wai yara ba sa son tsirrai.

Ba mu kaɗai ba ne. Wasu masana biyu a Amurka, James Wandersee da Elisabeth Schussler, tun 1999 suka yi rubutu a kan yadda ido yake tsallake tsiro ya sauka kan dabba, saboda tsiro baya gudu, baya kuka, baya cizo. Mu kuma namu ya fi haka. Yaron ƙauye ya san tsirrai sarai amma a wajensa shuka noma ce, noma kuma rana ce da ciwon baya, sannan a makaranta in ya makara horonsa shi ne nome ciyawa. Yaron birni kuma da yawansu ba za su bambance maka gero da dawa a tsaye ba. To aikinka malam ɗaya ne, ka sa tsiro ya yi wani abu a gaban idonsu.

Da farko kada ka taɓa alli. Ka fita da su harabar makaranta, kuma kai ne mai tambaya. Wace bishiya ce wannan, me ake yi da ita a gidanku, wa ya taɓa shan ɗacin ganyen dogonyaro da zazzaɓi. Ka bar su su faɗi sunayen da Hausa, yarinyar da ba ta taɓa buɗe baki a aji ba za ka ji tana gyara wa wani cewa wannan aduwa ce ba magarya ba. Sai ka jefa musu abin da zai dame su. Me ya sa gawo yake zubar da ganye da damina lokacin da kowa ke kore, ya fito da shi da rani? Me ƙarangiya take nema a ƙafar wandonka? Me ya sa gyaɗa take fure a sama amma 'ya'yanta a ƙarƙashin ƙasa? Kada ka ba da amsa ranar, su je su tambayi kakanninsu. Abu ɗaya dai, ka hana su tsinke tumfafiya, farin ruwan nan nata in ya shiga ido matsala ce babba.

Mataki na biyu shi ne tsirar da wake, kuma nan ne kowa yake faɗuwa, don haka a nan zan daɗe.

Wake nake so, ba na son masara a karon farko, zogale kuma yana ɗaukar sama da mako, kuka ma kada ka soma don ɓawonta da tauri sai an kankare, yara za su gaji da jira. Wake in da ɗumi kwana biyu zuwa uku ka ga saiwa. Gwangwanin madara ɗaya ya ishi aji guda, ba sai ka je neman kuɗi ofis ba. Amma ka zauna ka tsince shi, duk ƙwayar da ke da huda ƙwaro ya riga ka, ka jefar. Kuma kada ka ɗauko irin shuka da aka cuɗa da maganin nan mai ja ka ba yara, guba ne, kuma yaro sai ya kai hannu baki.

Kowane rukuni na yara huɗu ko biyar su kawo robar ruwa mai haske, a yanke samanta, a naɗa tsohuwar takarda ko tishu a jikin robar ta ciki, a cika tsakiya da yashi ko diddigar katako, sai a zura waken tsakanin takarda da jikin robar yadda za a riƙa ganinsa ta waje. Ka huda gindin robar. Na ce ka huda gindin robar, don abin da yake kashe wannan aikin ruwa ne. Yara suna son abinsu, kowa ya wuce sai ya tsiyaya masa ragowar fiya wata ɗinsa, kwana uku wake ya kumbura ya ruɓe aji ya ɗau wari, malam ya ce iri ne ba kyau alhali nutsar da shi aka yi. Ƙwaya tana numfashi, iska take so tare da danshi. Takarda ta jiƙe kawai, kada ruwa ya kwanta. Ka naɗa mutum ɗaya mai ba da ruwa a kowane rukuni, murfin roba biyu ko uku da safe, shi kenan.

Ranar Litinin ake farawa, wannan ba na sassauci a kai. Wanda ya shuka ranar Alhamis, duk abin kallon zai faru Asabar da Lahadi aji a kulle, Litinin su tarar ko ya bushe ko ya riga ya fito ba su ga komai ba. Da sanyin hunturu kuma a hankali yake tsirowa takarda kuma saurin bushewa take, gara ka jira ɗumi ya shigo ko ka yi da damina. Kai ma ka ajiye roba biyu taka a ɓoye a gida, don sai an samu rukunin da nasu ya mutu, kuma yaron da shukarsa ta mutu ta kowa ta rayu ya gama da darasin nan har ƙarshen zango.

Kowace safiya minti biyar, su auna da rula su zana abin da suka gani, ba abin da ke littafi ba. Za su lura saiwa ce take fara fitowa, kuma ko ta ina ka juya ƙwayar ƙasa take nufa. Da ta kai tsawon ɗan yatsa sai ka kwantar da robar a gefenta, washegari su zo su tarar bakin saiwar ya lanƙwasa ya sake bin ƙasa. A nan ne ake fara ihu a aji, wani zai ce malam wallahi ta san inda take. Ka bar shi ya faɗa, gyara yana zuwa daga baya. Su sa wa shukar suna ma in suna so, wasu malamai na ganin wasa ne, ni dai na ga yara na rige-rigen zuwa da sassafe saboda shi.

Sauran ba wuya. Ɗauki roba ɗaya ka sa a kwali, ka huda gefe guda, kwana biyu kan tsiron ya karkata wajen hasken. Ɗaura farar leda a reshen dogonyaro mai ganye da safe, kafin a tashi ruwa ya taru a ciki, ka tambaye su wa ya zuba. In wake ya yi makonni a ƙasa a tuge ɗaya su ga ƙulle-ƙullen da ke jikin saiwa, nan ƙwayoyin halittar da ke samar masa taki daga iska suke zaune, shi ya sa iyayensu ke haɗa shi da gero a gona.

Sai tambayar da kusan duk yara ke faɗuwa, me bishiya take ci ta yi wannan girma? Za su ce ƙasa. Ka ba su labarin wani masani a Turai mai suna van Helmont, wanda aka buga aikinsa a 1648, ya shuka 'yar bishiya mai kilo biyu da ɗoriya a tukunya mai ƙasa kilo 90, shekara biyar ruwa kawai yake ba ta, ta kai wajen kilo 77, ƙasar kuma ko giram 60 ba ta rage ba. Shi ya ɗauka ruwa ne kaɗai, bai gano rabon iska ba. Daga nan ka shiga yadda ganye ke haɗa abinci ta amfani da hasken rana da ruwa da iska, yanzu ne lokacin allo da sunayen Turancin da za su fito a jarrabawa, ka rubuta su kwafa.

Kafin hutu kowane rukuni su dasa tasu a bayan aji ko su kai gida, a kewaye da ƙaya saboda awakin unguwa, robobin kuma a wanke a ɗaure a buhu don 'yan ajin baɗi.