Zomon da Kashi ya Daskare wa a Gindi: Yadda Ake Tsaftace Shi da Gyara Masa Ci

Lafiyayyen zomo ba ya buƙatar wanka. Dabba ce mai lasar jikinta safe da yamma, shi ya sa ko farin zomo za ka same shi tas idan kejinsa a bushe yake. Idan ka ɗaga shi ka ga gashin ƙasan wutsiya ya cuɗe da kashi, ya daskare, yana wari, to akwai abin da ya hana shi gyara kansa, kuma galibi matsalar tana cikin kwanon abincinsa.

Zomo kashi iri biyu yake yi. Akwai busasshe mai zagaye wanda kowa ya sani, shi ne ake sharewa a ƙarƙashin keji. Akwai kuma wani mai laushi da sheƙi, ƙanana ƙanana manne da juna, mai wari sosai, wanda ke fitowa galibi cikin dare ko da asuba. Wannan na biyun abinci ne. A wata babbar jaka da ke cikin hanjinsa ake sarrafa shi, inda ƙwayoyin halitta ke narkar da ciyawa, kuma zomo yana sunkuyawa ya karɓe shi da baki tun daga dubura ya haɗiye, don ya sami sinadarin gina jiki da bitamin da ke ciki. Mutum zai iya shekara yana kiwo bai taɓa ganinsa ba. Ranar da aka fara ganinsa a ƙasa ko a manne da gashi, ɗaya daga cikin abubuwa uku ne ya faru: ko ya yi ruwa ruwa saboda dusa da hatsi sun yi yawa ciyawa ta yi kaɗan, ko zomon ya ƙoshi da abinci mai maiƙo har bai damu da shi ba, ko kuma ba ya iya kai bakinsa wurin saboda ƙiba, ciwon baya, tsufa ko haƙoran da suka yi tsawo.

A bambance wannan da zawo na gaske. Idan har yanzu kana ganin busasshen kashi a kejin, zomon yana ci yana tsalle, to matsalar gyaran abinci ce. Idan kuwa kashin duk ya koma ruwa, ko akwai majina ko jini, zomon ya yi lamo ya ƙi ci, musamman ɗan zomon da aka yaye kwanan nan, wannan ba maganar wanki ba ce. A kai shi wurin likitan dabbobi a ranar, domin zawo yana iya kashe ƙaramin zomo cikin kwana ɗaya. A nan Zariya akwai asibitin koyarwa na likitancin dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru.

Dalilin da ya sa ba a jinkiri

Ƙuda. Da damina, daga Yuni zuwa Satumba, ƙudaje na bin warin jiƙaƙƙen gashi su yi ƙwai a ciki. Ƙwan yana iya ƙyanƙyashewa kafin kwana ɗaya ya cika, tsutsotsin su shiga cin fata da nama, kuma saboda gashi ya rufe wurin mai zomo ba ya lura sai abin ya yi nisa. Saboda haka kafin ka taɓa ruwa, buɗe gashin da yatsu a wuri mai haske ka duba. Ƙwan ƙuda farare ne ƙanana masu ɗan tsawo, a jere a jikin gashi. Idan ƙwai ne kawai, a tsefe su da mataji. Idan akwai tsutsa, cire waɗanda kake gani, ka lulluɓe zomon da tawul ka nufi likita, domin wasu sun riga sun shige ƙarƙashin fata. Kada a zuba kananzir, baƙin mai ko maganin feshin ƙwari a wurin kamar yadda wasu ke yi wa manyan dabbobi. Fatar zomo ba ta ɗaukar wannan, kuma zai lashe.

Tsaftacewa ba da ruwa ba

Da wannan ake farawa muddin kashin ya bushe kuma bai yi yawa ba. Ana buƙatar farin garin sitacin masara marar ƙamshi, irin wanda ake sayarwa a shagunan kayan girki, da mataji mai ƙananan haƙora, da tawul, da mutum na biyu. Hodar shafawa ta mata ko ta jarirai mai turare ba ta dace ba, tana shiga masa hanci da huhu.

Riƙon shi ne rabin aikin. Ba a ɗaga zomo ta kunne, ko da an saba ganin haka a kasuwa. Ƙashin bayansa ba shi da ƙwari idan aka gwada da ƙarfin ƙafafunsa na baya, harbi ɗaya a iska yana iya karya masa gadon baya ya shanye. Mai riƙo ya zauna a tabarma a ƙasa, ya sa hannu ɗaya a ƙarƙashin ƙirjin zomon, ɗayan ya tallafi ƙugu, ya jingina bayan zomon da cikinsa yadda gindin zai fuskanci mai aiki. Rufe masa ido da gefen tawul yana kwantar da shi.

Barbaɗa garin a kan dunƙulen, ka murza shi da yatsu har ya shiga tsakanin gashi. Garin yana tsotse danshi, kashin ya fara marmashewa. Kama gashin daga tushe da hannu ɗaya don kada fata ta jawu, ka riƙa warware dunƙulen daga bakinsa da ɗaya hannun, kaɗan kaɗan, sannan mataji ya biyo baya. Ka kakkaɓe ragowar garin nesa da fuskarsa. Minti goma ya isa zama ɗaya. Idan ya fara haki ko fizge fizge, a sake shi, a ci gaba da yamma.

Inda dunƙulen ya ƙi warwaruwa sai yanka, kuma a nan ake yin ɓarna. Fatar zomo siririya ce, tana biyo gashi idan an ja shi, sai mutum ya datse ta yana zaton gashi ne. Zura mataji tsakanin fata da dunƙulen, ka yanka a saman matajin kawai. Idan matajin ya ƙi shiga, tsaga dunƙulen da bakin almakashi daga ciki zuwa waje, ka raba shi ƙanana, kada ka yanka a kwance kusa da fata. Injin aski ya fi almakashi aminci ga wanda ya iya shi. Ka laluba ka san inda wutsiya da al'aura suke tukuna, domin sukan nutse cikin dunƙulen. Gashin tafin ƙafa kuwa ba a aske shi ko ya yi datti: zomo ba shi da tsokar tafi irin ta mage, gashin nan ne kaɗai ke kare shi daga gyambon da wayar keji ke jawowa.

Idan sai an jiƙa

Kashin da ke da danshi, ko gashin da fitsari ya jiƙa, gari ba ya fitar da shi. Gindin kaɗai za a wanke, ba a tsoma zomo duka a ruwa ba, domin tsoro da sanyi suna iya kashe shi, kuma gashinsa na ciki yana daɗewa bai bushe ba. Shimfiɗa tsumma a cikin roba don kada ƙafa ta zame. Zuba ruwa mai ɗan ɗumi wanda zurfinsa bai wuce santimita 5 ba, ka gwada shi a bayan hannunka. Mai riƙo ya sauke ƙafafun baya da gindi cikin ruwan, ƙirji da kai suna sama. A bari kashin ya jiƙa minti biyu zuwa uku, a murje shi da yatsu, a zubar da ruwan a sake sabo har ya fita fes. Ruwa zalla yakan wadatar. Idan dole sai sabulu, ɗigo ɗaya na sabulun jarirai marar turare, a ɗauraye shi sarai. Omo, sabulun wanki da Dettol suna ƙona fatar da ta riga ta ji jiki.

A gefe biyu na al'aura akwai wasu ƙananan aljihuna na fata da ke tara wani abu mai ruwan ƙasa kamar kakin zuma, mai wari. Ba ciwo ba ne. A goge shi da auduga mai ɗan danshi, a hankali.

Busarwa ta fi wankin muhimmanci. Danna tawul a wurin, kada ka goga, ka sauya busasshe har sau biyu ko uku, kana buɗe gashin da yatsu har ka ji fatar kanta ta bushe. Da hunturu a yi wankin da hantsi bayan rana ta ɗaga, a cikin ɗakin da iska ba ta kaɗawa, kada a yi da yamma ya kwana da danshi. Da bazara kuma, a Maris da Afrilu, kada a shanya shi a rana don ya bushe. Zomo ba ya gumi, ta kunnuwa yake fitar da zafi, kuma da zarar zafi ya haura digiri 30 ya fara wahala.

Idan fatar ta yi ja ko ta saɓule saboda fitsari, a wanke ta da ruwan gishiri: ƙaramin cokali ɗaya na gishiri a rabin lita na tafasasshen ruwan da ya huce. Bayan ta bushe a shafa Vaseline shafe ɗaya marar kauri. Buɗaɗɗen ciwo na likita ne. Kuma kada a je kemis a sayo masa kafso: amfisilin, amoksisilin da danginsu na fenisilin, idan aka ba zomo ta baki, suna kashe ƙwayoyin da ke narkar masa da abinci, ya kamu da zawon da ba ya tashi.

Abincin

Duk wannan aiki za a maimaita shi bayan mako guda idan ba a taɓa kwanon abinci ba. Yadda aka fi ciyar da zomo a gidajenmu shi ne dusa da safe, ragowar tuwo ko shinkafa da rana, ɗan ganye idan an samu. Dusar masara da hatsi suna da sitaci mai yawa, shi kuwa cikin zomo don ciyawa mai tauri aka yi shi. Sitacin yana isa wannan jaka ta hanji ya rikita ƙwayoyin da ke ciki, kashi mai laushi ya koma kamar kunu. Ga ƙiba, ga kuma haƙora, waɗanda ke tsiro tsawon rayuwarsa wajen milimita 2 a mako, ba abin da ke cinye su sai taunar ciyawa.

Babban zomon da ba ya da ciki ba ya shayarwa, kashi 80 cikin 100 na abincinsa ciyawa ya kamata ya zama, mafi kyau busasshiya. A ba shi tuli mai girman jikinsa kowace rana, a rataye a gefen keji don kada ya taka ya yi fitsari a kai. Harkiya, kirikiri, burburwa, da gamba ko kyasuwa da aka yanka tun suna ɗanyu kafin su yi kara, duk suna yi. Ƙarshen damina, wajen Satumba zuwa Oktoba, shi ne lokacin yanka da shanyawa a inuwa a adana don rani. A guji ciyawar bakin gonar da aka yi wa feshi, abin da ya zama ruwan dare a gonakin kewayen Zariya, da ta bakin kwalta.

Harawa fa? Zomo yana son harawar gyaɗa da ta wake, kuma ita ce ta fi sauƙin samu wurin masu sayar da abincin tumaki. Tana da kyau ga 'ya'ya masu girma da uwa mai shayarwa. Ga babban zomo na zaune kuwa ta yi nauyi, sinadarin gina jiki da na ƙashi sun yi yawa a cikinta, shi ya sa fitsarin wasu ke yin kauri fari kamar alli har ya ƙona cinya. A gauraya kashi ɗaya na harawa da kashi uku na ciyawa. A shinshina ta kafin a saya: wadda ta sha ruwa ta yi fumfuna guba ce ga zomo.

Ɗanyen ganye, cikin hannu ɗaya mai girman kan zomon a rana: ganyen dankalin Hausa, ganyen karas, ɗan zogale, ɗan kabeji. A wanke, a bar shi ya tsane ya ɗan yi yaushi. Ganyen tumatir, ganyen dankalin Turawa, ɗanyen ganyen rogo, albasa da tafarnuwa ba a ba shi. Karas ɗin kansa zaƙi ne, yanki kamar yatsa sau biyu a mako ya wadatar. Abincin zomo na kamfani kuma kada ya wuce giram 25 ga kowane kilo na nauyinsa, wato zomo mai kilo 2 giram 50, wajen rabin gwangwanin madara a yini. Abincin kaji ba madadinsa ba ne, wasu ma suna ɗauke da maganin da ke cutar da zomo. Ruwa mai tsafta kullum a kasko mai nauyi da ba zai kifar ba. Zomo mai kilo 2 yakan sha daga mililita 100 zuwa 300 a rana, fiye da haka da zafi, kuma maganar cewa ganye ya ishe shi ba ya buƙatar ruwa ba gaskiya ba ce.

Ga zomon da cikinsa ya riga ya lalace, a janye dusa da ragowar abinci a hankali cikin mako ɗaya zuwa biyu, ana ƙara ciyawa, har ya zama ciyawa da ruwa kawai suka rage. Kada a yi sauyin dare ɗaya, kuma a tabbatar yana cin ciyawar, domin zomon da ya yi awa 12 bai ci ba ko bai yi kashi ba hanjinsa ya fara tsayawa, sai likita. Gyaruwar takan ɗauki mako biyu, wani lokaci fiye da wata. Idan gindin ya yi mako guda a bushe, a dawo da ganye iri ɗaya, a jira kwana uku a ga yadda kashi zai yi kafin a ƙara wani. Wanda ya dawo da laushin, a cire shi. Idan an gyara ci amma abin ya ƙi, a sa likita ya duba haƙoran ciki da gadon baya.

Kejin ma a share shi kullum, a sauya shimfiɗar da ta jiƙa, a kewaye shi da ragar sauro da damina, kuma a riƙa sakin zomon ya zazzaga na 'yan awanni a wurin da kare da mage ba sa shiga. A lokacin ƙuda a ɗaga wutsiyarsa a duba sau biyu a rana, da safe da kuma kafin magariba.