Yadda za ka tantance tsohuwar takardar addini kafin ka yarda da ita ko ka fidda kuɗinka

Bara da damina wani mutum ya zo ma kawuna nan Birnin Kebbi da falle shida cikin wata tsohuwar gafaka, ya ce rubutun hannun Malam Abdullahin Gwandu ne, wasiyya ce wadda ba a taɓa gani ba, wai a ɗakin kakansa anka tsince ta. Takardar ta yi ja, gefenta ya cinye, kawu ya riƙe ta hannunsa na rawa, har ya fara lissafin san da zai kai kasuwar Jega don ya haɗa kuɗin. Na ce mai kawu don Allah a dakata tukun. Abin da ya sa na ce haka labarin wani mutum ne a Amurka mai suna Mark Hofmann, wanda ya riƙa ƙera takardun jabu na tarihin ɗariƙar Mormon yana sayarwa, kuma da labarin nasa zan nuna maku yadda ake bin irin wagga takarda, don duk dabarar da maƙerin ƙarya zai yi shi ya riga ya yi ta.

Ga waɗanda ba su san Mormon ba, wata ɗariƙa ce mai cocinta na kanta da Joseph Smith ya kafa a jihar New York a 1830, ya ce mala'ika mai suna Moroni ya nuna mai wasu allunan zinari binne a tudu, ya fassara su sunka zama littafinsu. An kashe shi a 1844, mafi yawan mabiyansa sunka bi Brigham Young zuwa Yuta, har yau hedikwatarsu na birnin Salt Lake. Tun farko akwai masu shakkun labarin allunan nan, saboda haka duk takardar da ta fito daga shekarun farko tana da tsada ƙwarai, masu imani na nemanta masu suka ma na nemanta. Hofmann cikin cocin anka haife shi, har wa'azi ya je yi Ingila, amma ya daɗe da barin imani a zuciyarsa, kuma ya san abin da kowane ɓangare ke kwaɗayi.

To ka fara da tambayar da malaman hadisi sunka koya muna, wa ya ba ka, shi kuma wa ya ba shi. Takarda ma tana da isnadi. In littafi na gidan malamai ne za ka samu wanda ya gada, da wanda ya karanta shi gaban wane, wani lokacin har sunan mai kwafi da ranar da ya gama a ƙarshe, kuma tsofaffin unguwa sun san gidan da littattafai. Hofmann a 1980 ya ce ya sayi wani tsohon Baibul, sai ya ga shafi biyu manne da juna, da anka buɗe sai ga takardar da Martin Harris, ɗaya daga cikin mabiyan farko, ya kai ma wani farfesa Charles Anthon a 1828 ɗauke da haruffan da anka kwafo daga allunan zinarin. Kowa ya san an yi wagga takarda kuma ta ɓace, farfesan ma ya taɓa siffanta ta a wasiƙa, to sai Hofmann ya zauna ya ƙera ta daidai da siffar. Shugabannin cocin sunka karɓa, har hoto anka ɗauka shi da shugabansu na lokacin Spencer Kimball suna duba ta. Daga nan sau da yawa in ya kawo abu anka tambaye shi asali sai ya ce wanda ya sayar mai ba ya son a faɗi sunansa. In ka ji wagga magana ka ja baya, kuma ka lura da mutumin da kullum shi kaɗai ke tsintar abin da masana sunka shekara ɗari suna nema.

Sai hannun marubuci, kuma nan ne mutane ke faɗawa rami. Za a ce maka ai mun kwatanta da wani rubutun malam ya yi daidai, to wancan rubutun daga ina ya fito? Martin Harris kusan babu rubutun hannunsa da ya saura ban da sa hannu, sai Hofmann ya ƙera wasu ƙananan rubuce-rubuce da sunansa ya bari sunka shiga hannun mutane, da babbar wasiƙar da ya ƙera da sunan Harris ta fito, wadda zan faɗa maku can gaba, masana sunka kwatanta jabu da jabu. Saboda haka samfurin da za ka auna da shi dole ya zama bai taɓa bi ta hannun mai sayarwa ba, ka nemi wanda ke ajiye tun da daɗewa a wuri irin Gidan Tarihi na Waziri Junaidu a Sakkwato ko Arewa House a Kaduna. Akwai ma abin da ɗalibin zaure zai gane da idonsa, malamanmu na da rubutun Magaribi suke yi, fa'un ɗigonta na ƙasa, ƙaf ɗigo ɗaya a sama, in ka ga takarda wai ta zamanin jihadi amma ƙaf na da ɗigo biyu irin na bugun Misira to ka sa mata ayar tambaya.

Tsufan takarda kuwa kada ya ruɗe ka ko kaɗan. Ɗaga ta ka duba a hasken rana, takardun da anka riƙa kawowa ƙasar nan ta Sahara da yawansu na Italiya ne, za ka ga alamar jinjirin wata uku cikin jikin takardar, wannan alama ce mai kyau amma ba ta isa hujja ba, don Hofmann fallayen da ba a yi rubutu a kansu ba yake yankowa daga tsofaffin littattafai na wancan zamani, ka ga takarda ta gaske ce rubutun ne na jiya. Nan gida kuma ana jiƙa takarda da ruwan shayi ko a rataye ta saman murhu ta sha hayaƙi, ka shinshina ta. Ka duba ramukan gara, in gara ta ci harafi rabi ya tafi to rubutu ya riga ta, in kuwa alƙalami ne ke kauce ma ramin yana zagayawa to ramin ya girmi rubutun. Littafin da anka karanta shekara da shekaru dauɗar hannu na taruwa wurin da ake kamawa a juya, jansa ba ya zama bai ɗaya kamar an rina.

Tawada ce ta tona asirin Hofmann, kuma abin da ya ba ni mamaki ƙaro ne, ƙaron nan namu da almajirai ke sa ma tawada. Ya haɗa tawada irin ta da mai ƙarfe da ƙaro a ciki, sannan ya bi ta da sinadari don ta yi ja kamar ta shekara ɗari da hamsin. Wasu masu binciken takardu biyu, George Throckmorton da William Flynn, sunka sa takardun ƙarƙashin madubin ƙara girma, sai sunka ga tawadar ta tsattsage kamar bayan kada, kuma duk takardar da ke da wagga tsaga ta hannun Hofmann ta biyo, na gaskiya na wancan zamani ba su da ita. Wanga aiki ba na gida ba ne na sani, amma ko gilashin mai gyaran waya ka ara za ka ga abubuwa da yawa.

Bayan haka ka karanta abin da ke ciki a natse, ka riƙa tambaya ko wanga suna da wagga kalma sun wanzu a lokacin. Malamanmu sun riga Turawa a nan. An taɓa kawo wata takarda a Bagadaza wai Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya ɗauke ma mutanen Khaibara jiziya, anka nuna ma Khaɗibul Bagadadi, ya duba shaidun ya ce ƙarya ce, akwai Mu'awiya wanda bai musulunta ba sai bayan Khaibara, akwai Sa'adu ɗan Mu'azu wanda ya rasu kafin Khaibara. Malam Abdullahi ya rasu kusan shekara ɗari biyu da sunka wuce, in wasiyyar da anka jingina mai tana magana kan rigimar da ake yi yau tsakanin ƙungiyoyi kamar ya zauna cikinmu, kai ma ka san amsar.

Abu mafi wuya shi ne ka tsare zuciyarka, kuma shi na fi so a riƙe. A 1984 Hofmann ya fito da wasiƙar da ta fi kowace suna, wai Harris ya rubuta a 1830 cewa abin da Smith ya tarar wurin allunan wani ruhi ne da ya rikiɗo daga farar salamanda, wata halitta mai kama da ƙadangare, har ya buge shi, babu zancen mala'ika. Wani ɗan kasuwa ɗan cocin ya saye ta dala 40,000 ya ba cocin kyauta. Masu sukar Mormon sunka yi murna, wasu masu imani sunka shiga damuwa, masana sunka duba sunka ce ba su ga alamar jabu ba. Wanda ya fara fitowa fili ya ce yana shakka shi ne Jerald Tanner, mutumin da shi da matarsa Sandra sunka shekara da shekaru suna sukar cocin, wasiƙar nan ta fi kowa yi mai amfani amma ya ce kalmominta sun yi kama da wani littafin suka da E. D. Howe ya buga a 1834, kamar wani ya karanta shi ya sake ɗinkawa. Wallahi ina ganin girman wanga hali. Mu yau in anka turo a WhatsApp wani hoton takarda da ke kunyata ɓangaren da ba mu so, kafin mu gama karantawa mun tura guruf biyar. Wasiyyar nan ta wani wai Shehu Ahmad mai tsaron kabarin Annabi, wadda ke cewa ka raba kwafi ka samu arziki ka ƙi ka ga masifa, Shehi Ibn Baz ya daɗe da bayyana ƙarya ce, har yau tana yawo.

Kuma in ta tabbata jabu ka tsaya iyakar nan, kada ka ce ai shi ke nan duk sukar ƙarya ce ko duk labarin gaskiya ne. Wasiƙar salamanda ƙarya ce, amma cewa Smith ya yi neman dukiyar ƙasa da dutsen duba yana saurayi akwai takardun kotu na gaske na 1826 a kai, cocin ma ta buga hoton dutsen a 2015. Hofmann kan wagga gaskiyar ya ɗora ƙaryarsa shi ya sa ta zauna.

Na ƙarshe, gaggawa da sirri. Hofmann ya karɓi kuɗin mutane kan wasu takardu da ba ya da su, bashi ya taru, ranar 15 ga Oktoba 1985 ya dasa bam biyu sunka kashe ɗan kasuwan nan da ya sayi wasiƙar salamanda da wata mata, washegari na uku ya tashi cikin motarsa ya ji mai rauni, a 1987 ya amsa laifi, har yanzu yana gidan yari. Mai sayar ma kawu shi ma cewa ya yi kada kowa ya ji, wai akwai wani Alhaji da zai biya jibi. Kawu ya ce mai to malam mu tafi Sakkwato tare ranar Litinin a duba, kuɗin mota na kaina, in ta tabbata zan ƙara maka kan abin da ka yanka. Mutumin ya mai da fallayensa cikin gafaka ya ce zai dawo bayan la'asar, san nan yana nan ɗaure a turkensa har yau.