Kurakuran Haɗa Excel da Word a Takardar Kwangila

Na gaji da gyara ɓarna iri ɗaya a hannun sababbin ma'aikata, shi ya sa na zauna na rubuta wannan.

Kuskuren da ya fi ƙona mini rai shi ne cusa fayil ɗin Excel gaba ɗaya cikin kwangila. Ka kwafo teburin farashi, ka shiga Paste Special, ka zaɓi Worksheet Object ba tare da ka danna Paste Link ba. Kana ganin teburi ɗaya ka saka, alhali duk littafin lissafin ne ya shige ciki, har da shafukan da ka ɓoye. Wani yaro a ofishinmu ya taɓa tura wa abokin ciniki kwangila a haka. Mutumin ya danna teburin sau biyu, sai ga kuɗin da muka sayo kayan da ribar da muka ɗora sun bayyana a gabansa. Washegari ya kira yana neman ragi, lissafinmu a hannunsa. Haba jama'a! Wannan ai tona asirin kamfani ne da hannunka, kuma ba a gyara shi bayan saƙo ya tafi.

Na biyu, barin mahaɗin da Paste Link ke ƙullawa tsakanin teburin da ke Word da fayil ɗin Excel a raye bayan an gama ciniki. Word na iya sabunta alƙaluma duk lokacin da aka buɗe takardar. Ka canja farashi a Excel saboda wani aiki daban, sai kwangilar da aka riga aka amince da ita ta canja, babu wanda ya lura. Ni dai al'adata ita ce in yi kwafi na ƙarshe, in danna Ctrl+A don zaɓar komai, sannan F9 don sabunta alƙaluman, in bi alƙaluman ɗaya bayan ɗaya da idona. In sun yi daidai sai Ctrl+Shift+F9 ya tsinke mahaɗin, in mayar da takardar PDF. Ita kaɗai nake turawa, ko da an roƙe ni ta Word.

Sauran ƙanana ne. Kada ka canja wa fayil ɗin Excel suna ko mazauni, domin Word cikakken adireshinsa yake riƙewa. In ya tsinke, je ka Edit Links to Files ka danna Change Source. Ka ba teburin suna a Excel don kada ƙarin layi ya karkatar da shi.

A Mail Merge kuwa, wato inda Word ke ɗauko bayanai daga Excel yana cike gurabe a takarda, idan 1,250.50 ta fito 1250.5, danna Alt+F9 don lambar umarnin gurbin ta bayyana, ka ƙara \# "#,##0.00" a ƙarshenta, cikin baka. Kwanan wata ma yakan juye, wata ya riga rana; \@ "dd/MM/yyyy" ke daidaita shi.