Yadda ake cifs ɗin makani da dankali a gida, ba tare da ya sha mai ba

Cifs ɗin makanin nan da ake miƙo mana ta tagar trotro (motar haya) a Nima ko tashar Madina a Accra wallahi akwai daɗi, amma ba makanin ne ya fi sa ƙiba ba, mai ne. Giram 1 na mai kalori 9 ne, na sitaci 4 kacal, kuma yankan da ya yi siriri jan mai yake kamar soso. To ga yadda za ki yi naki.

Da farko ki samu makani ko doya, amma in kin dace da dankalin nan mai jan ciki da ake kira Apomuden, wanda cibiyar binciken amfanin gona ta Fumesua kusa da Kumasi ta fitar, shi za ki ɗauka. Jan nan nasa shi jiki ke mayarwa bitamin A, yana taimakon ido da garkuwar jikin yara, abin da farar doya ba ta da shi. Makani kuwa ki shafa mai a hannu kafin ki fere, ɗanyensa yana ƙaiƙayi.

Ki yanka siriri, kauri ɗaya.

Sai ki jiƙa a ruwan sanyi kamar minti 30, nan ne mutane ke ganda, alhali ruwan yana wanke sitaci da sukarin da ke saman yankan, sukarin nan ne in wuta ta yi yawa yake haɗuwa da wani sinadari na cikin yankan ya koma akirilamaid, sinadarin da masana a Suwidin suka gano cikin soyayyen abinci a 2002 kuma ake zarginsa da jawo cutar kansa. Ki tsane ki goge da tsumma mai tsabta ya bushe sarai.

In kina da oben, cokali 1 na mai ya isa tire guda, ki gasa a digiri 180 kina juyawa. In suya ce, bari man ya yi zafi sosai tukuna, ki zuba kaɗan-kaɗan, yana fara ja ki kwashe, kar ki jira ya yi duhu. Man da aka soya kifi jiya har ya yi baƙi dai, kar ki sake amfani da shi.

Gishiri a ƙarshe, ɗan barbaɗe. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba kar ya kai giram 5 a yini, ga magin miya ga shito (miyar barkono) duk suna cikin lissafin. Yaji da citta sun fi. Mai ciwon suga ya ɗebi cikin tafi ɗaya ya rufe kwalba, gasasshen ma sitaci ne.