Yadda Ake Tunkarar Ruɗanin Baƙunta a Ƙasar Waje

Wanda zai tashi daga filin jirgin sama na Malam Aminu Kano zuwa karatu ko aiki a Indiya, Masar, Turkiyya ko Ingila yakan tanadi biza da kuɗin makaranta da rigar sanyi, amma da wuya ya yi tanadin abin da zai sami zuciyarsa idan zama ya miƙa. Masanin al'adu Kalervo Oberg ya yi bayanin wannan hali na ruɗanin baƙunta a wata lacca da ya gabatar a birnin Rio de Janeiro na ƙasar Brazil a 1954, ya kuma kasa shi mataki huɗu.

Mataki na farko shi ne na ɗoki, wanda Oberg ya kwatanta da kwanakin amarci, lokacin da komai yake burge baƙo. Kada ka ɓata wannan kuzarin a ɗaukar hoto kaɗai. Ka buɗe asusun banki, ka yi rajista da asibiti, ka nemo masallaci mafi kusa da shagon da ake sayar da naman halal, domin nan gaba ko fita ƙofar ɗaki za ta yi maka nauyi.

Mataki na biyu shi ne inda ake karaya. Ka gai da maƙwabci irin gaisuwar da ka saba, ya ɗan gyaɗa kai ya rufe ƙofarsa. A ƙasa irin Ingila, azahar ta wuce ba ka ji kiran salla ba. A Landan, cikin watan Disamba, rana takan faɗi kafin ƙarfe 4 na yamma, magariba ta same ka a cikin aji. Ranar idi kana zaune ana lacca, a waya kuma ga 'yan gidanku sun yi kwalliya za su kallon hawa. Daga nan sai yawan barci ko rashinsa, saurin fushi, da ganin laifin mutanen ƙasar a kan komai.

A wannan lokaci kada ka yanke babban hukunci, kamar ajiye karatu ko sayen tikitin komawa gida. Ka sanya wa kiran gida lokaci, domin wanda ya yini a WhatsApp jikinsa yana can, hankalinsa yana Kano, bai zauna a ko'ina ba ke nan. Ka riƙa girka abincin da ka sani. Kuka da busasshiyar kuɓewa da yajin da aka sayo a Kasuwar Rimi suna yin aikin da ba a zato. Sai dai ka duba dokar ƙasar kafin ka ɗaura kaya, saboda Ingila da Amurka ba sa barin matafiyi daga Najeriya ya shiga da nama, har da kilishi. Ka nemi 'yan uwa Hausawa, amma ka yi aboki ko da ɗaya ne daga 'yan ƙasar. Idan ƙuncin ya hana ka cin abinci ko zuwa aji, ka ga likita. Yin haka ba raunin imani ba ne.

Ina roƙon iyaye a nan: idan yaro ya kira yana kuka, kada a ce masa ai shi yana cikin daula. A saurare shi tukuna.

Mataki na uku yana zuwa a hankali, ka fara gane barkwancinsu, ka daina ɓata a hanya. Na huɗu kuwa shi ne sabo, inda za ka karɓi ɗabi'unsu a matsayin tsarin rayuwarsu ba tare da ka saki naka ba. Matakan ba su da ƙayyadadden wa'adi, kuma mutum yakan koma baya, musamman a watan azumi.

A 1963 masu bincike John da Jeanne Gullahorn suka nuna cewa mai dawowa gida ma yakan sake shiga irin wannan hali. Saboda haka idan ka sauka Kano, zafin Afrilu da cunkoson adaidaita sahu suka dame ka, ka kame bakinka daga yawan kwatanta nan da can a gaban dangi, ka ba kanka 'yan makonni kana zaga 'yan uwa gida-gida har jikinka ya sake sabawa.