Babi na Shida: Kalmomin Turanci a Wasannin Haɗa Haruffa

Ɗalibin da ya fara gane karatun Turanci yakan ci karo da wasannin kalmomi a shafin baya na jarida ko a cikin wayarsa, kuma waɗannan wasanni hanya ce mai kyau ta ƙara yawan kalmomin da mutum ya sani, muddin ya riƙa koyon kowace kalma tare da ma'anarta. Uku daga cikinsu sun fi shahara. Akwai wasan cike gurbi, wato crossword, inda ake cike gidajen da aka zana da haruffan kalmomi a tsaye da a kwance, wanda wani ɗan jarida mai suna Arthur Wynne ya fara bugawa a jaridar New York World ta Amurka a watan Disamba na 1913. Akwai Scrabble, wanda Alfred Butts ya ƙirƙiro a shekarun 1930, aka raɗa masa sunan da yake da shi yanzu a 1948. Sai kuma Wordle na intanet, wanda ya bazu a 2021, inda ake ba mutum dama shida ya gano kalma mai haruffa biyar.

Bari mu fara da Scrabble, domin a nan ne ake ganin darajar kowane harafi a fili. Allonsa yana da gidaje 15 a tsaye da 15 a kwance, ana kuma yin wasan da 'ya'ya 100, kowane ɗaya da harafinsa da makinsa, in ban da guda biyu da aka bari babu komai a kansu domin su tsaya a madadin duk harafin da ake so. Harafin da ya fi yawa a Turanci, wato E, yana da 'ya'ya 12 amma maki ɗaya kacal yake bayarwa, yayin da Q da Z, waɗanda ba kasafai ake samunsu a kalma ba, kowannensu ke ba da maki 10, J da X kuma 8. Wanda ya ajiye 'ya'yansa bakwai gaba ɗaya a zubi guda yana samun ƙarin maki 50. Sabon shiga yakan ɗauka cewa dogayen kalmomi ne ke cin wasa, amma gajeru sun fi fitar da mutum daga matsi. Kalmar OX, wato sa, da AX, wato gatari, suna sauke harafin X a ƙaramin wuri. Harafin Q kusan kullum yana neman U a bayansa, sai dai akwai 'yan kalmomin da suka kauce wa wannan ƙa'ida, irin su QADI, wadda ta fito daga Larabci take nufin alƙali, kuma ƙamus ɗin gasa na Collins ya amince da ita. Ba sai wanda aka haifa da Turanci ne ke iya ƙwarewa ba: Wellington Jighere, ɗan Najeriya, ya zama zakaran duniya a birnin Perth na Ostareliya a 2015.

Dabarar da ta fi kowace amfani ita ce sanin yadda ake gina kalma, kuma a kanta ya kamata ɗalibi ya fi ɓata lokaci. Kalmomin Turanci da yawa suna da saiwa wadda ake liƙa wa ɗafa-goshi, wato ƙari a gabanta, ko ɗafa-ƙeya, wato ƙari a ƙarshenta. A ɗauki PLAY, wato yin wasa. In an ƙara mata ED a ƙarshe sai ta zama PLAYED, aikin ya riga ya wuce. In an ƙara ER sai ta zama PLAYER, mai yin wasan. In kuma aka sa RE a gabanta sai ta zama REPLAY, sake yin wasan. Ɗafa-goshin UN yana juya ma'ana, shi ya sa LOCK take nufin kulle, UNLOCK kuma buɗe. Wani lokaci harafi ɗaya tak yake haifar da sabuwar kalma wadda ba ta da dangantaka da ta farko: EAT ci ce, HEAT zafi ne, WHEAT kuwa alkama. Amma a yi hattara, domin ba kowace kalma ce ke bin ƙa'ida ba. Jam'in CHILD shi ne CHILDREN, kuma wanda ya rubuta GOED a maimakon WENT, abokin wasansa zai sa ya kwashe 'ya'yansa.

Akwai wani tuntuɓe da mai jin Hausa ya kamata ya sani. Haruffan P da Q da V da X ba sa cikin baƙaƙen Hausar boko, saboda haka kunne yakan haɗa P da F, ya kuma haɗa V da B. A baki ana iya wucewa da hakan, amma a kan allo PAN kwanon suya ne, FAN kuwa fanka. VAN mota ce, BAN kuma haramtawa. Haka nan akwai haruffan da ake rubutawa ba a furta su, kamar K ɗin da ke farkon KNIFE da B ɗin da ke ƙarshen LAMB, kuma waɗannan sai ido ya saba da su.

A wasan cike gurbi haddar haruffa ba ta wadatarwa, domin abin da ake ba mutum shi ne bayanin ma'ana, shi kuma ya nemo kalmar da ta dace da yawan gidajen. Masu tsara wasan suna son kalmomi masu ma'ana fiye da ɗaya: BAT na iya zama jemage ko sandar buga ƙwallo, BANK na iya zama banki ko gaɓar kogi. In bayanin ya zo a jam'i, amsar ma jam'i ce, don haka sau da yawa ana iya sa S a gidan ƙarshe tun kafin a gano sauran. Wordle kuwa ba ya buƙatar dogon bayani: a fara da kalma mai wasula da yawa wadda ba ta maimaita harafi, kamar RAISE, sannan a bi launukan, kore na nufin harafin yana gurbinsa, rawaya kuma yana cikin kalmar amma a wani gurbi dabam.

Aikin da za a yi kafin darasi na gaba: kowane ɗalibi ya yanka takarda gida huɗu, ya rubuta T da E da A da M, harafi ɗaya a kowane yanki, ya yi ta jujjuya su har ya samo kalmomi huɗu masu amfani da dukkan haruffan. Ya duba ma'anar kowace a ƙamus, ya rubuta ta da Hausa a littafinsa, sannan ya maimaita aikin da haruffan S da T da O da P.