Kalmar "deposit" a bakin mai gidan haya

Duk wanda ya sauka Ingila ya shiga neman ɗaki, kafin ya riƙe sunan unguwarsa zai ji kalmar "deposit". Mu a gida daga banki muka san ta, wato zuba kuɗi a asusu. Wannan ma'anar tana nan, amma ba ita dillalin gida yake nufi ba.

A harkar haya kalmar iri biyu ce. Akwai "holding deposit", wanda shi ne kafin alƙalami: ka ba da shi a ajiye maka gidan yayin da ake binciken takardunka. Tun daga 2019 doka ta hana ya wuce hayar mako ɗaya. Idan kai ka fasa, ko aka kama ƙarya a bayananka, ya tafi. Idan mai gidan ne ya janye, dole ya maido maka.

Na biyun shi ne babba, "tenancy deposit". Wannan ba biya ba ne, amana ce. Kuɗinka ne, ana riƙe da shi ko da za ka yi ɓarna ko ka tafi da bashin haya. Iyakarsa hayar mako biyar, matuƙar hayar shekara ba ta kai fam 50,000 ba. Wanda ke biyan fam 800 a wata, kada ya yarda a karɓi abin da ya haura fam 923. Kuma mai gida ba shi da ikon cusa kuɗin a aljihunsa ya yi shiru. Cikin kwana 30 dole ya yi musu rajista a ɗaya daga cikin hukumomi uku da gwamnati ta amince da su: Deposit Protection Service, MyDeposits ko Tenancy Deposit Scheme, ya kuma sanar da kai a rubuce. In bai yi ba, kotu na iya sa shi ya biya ka har ninki uku. Sai dai wanda ya kama ɗaki a gidan da mai gidan yake kwana a ciki bai shiga wannan kariyar ba. A nan sai ka dage a rubuta komai, ka riƙe rasit.

Abin da ke cin mutanenmu sabo ne. Wanda ya taɓa biyan "caution fee" a Abuja ko Legas ya saba ɗaukarsa kuɗin da aka yi wa bankwana, don haka a nan ma ba ya bin sawu. Bi abinka, ɗan'uwa. Ranar da aka ba ka makulli, ɗauki hoton kowane lungu, har cikin murhu da bayan ƙofa, sannan ka karanta takardar lissafin kayan gidan kafin ka sa hannu. Koɗewar fenti da sauran abin da tsufa ke jawowa ba a cire maka kuɗi a kansu. Tabon manja a bango da ƙunar garwashin turaren wuta a kafet kuwa, waɗannan naka ne. Uwargida, a samo wa kasko faranti.

Sunan yana sauyawa da ƙasa. A Amurka "security deposit" za ka ji, a Ostireliya kuma "bond". Bature ɗan Ingila kan ce "deposit" har ga kuɗin da ake fara zubawa wajen sayen gida, abin da Ba'amurke ke kira "down payment", kuma shi wannan ba ya dawowa, don yana cikin farashin gidan. 'Yan'uwanmu na Nijar da suka nufi Faransa za su tarar da "caution" ko "dépôt de garantie". Ko a cikin Birtaniya ma dokar ba ɗaya ba ce: a Sikotland ana iya karɓar har hayar wata biyu.